Layuka Goma Sha Ɗaya da Yaya Ta Ƙi Karɓa

Yayata ba ta taɓa haɗiye ƙwayar magani ba sai ta warware takardar nan da ake naɗewa a cikin kwali ta karance ta tas, har da ƙananan rubutun da ke can ƙasa. Tun muna yara haka take. In baƙo ya ba mu alewa, kafin ya zauna ni na tauna tawa, ita kuwa tana nan tana juya tata tana duba ko an taɓa buɗe ledar. Mahaifiyarmu kan ce ko daga Aljanna aka aiko wa Yaya da wasiƙa, sai ta nemi ɗan aiken ya nuna katin shaidarsa. Mijinta direban motar asibiti ne, mutum ne da zai miƙa maka mabuɗin gidansa in ka yi masa murmushi sau biyu, kuma Sufeto yake kiranta. Ta girme ni da shekara biyar. Ni malamar firamare ce, kuma da yake makarantarmu ba ta da nisa da wurin aikinta, kusan kullum in an tashi nakan biya mu taɓa hira kafin in wuce gida. Yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Shekara goma sha tara ta yi a wani shagon ɗaukar hoton fasfo da buga takardu, a ƙasan wani bene mai hawa uku, tsakanin kantin magani da ɗakin mai gyaran kwamfuta. Shagon bai fi taku shida ba. Akwai farin ƙyalle a bango, da kujerar da ake zama a ɗauki mutum, da fitilu biyu masu kama da lema, da firintar da sai ta yi nishi kafin ta tofo takarda. Tsohuwar kwamfuta na kan tebur a lungu. Mai shagon dattijo ne mai ciwon gwiwa, sau biyu a mako yake leƙowa. Yaya ce komai. Ita ke cewa "ɗaga haɓa kaɗan, kar ka yi dariya", ita ke yanka hoton, ita ke shara.

Da aka koma cike fom ta intanet, sai aikin ya sauya. Mutane suka rage neman hoto a takarda, fayil suke so, kuma kowane fom da irin tasa tsirfar. Wannan ya ce kada hoton ya wuce kilobait hamsin, wancan ya ce ashirin, wani ya ce tsawo kaza faɗi kaza, in ya ɗara da ɗigo ɗaya ba zai karɓa ba. Abin da kowa ke yi shi ne a shiga ɗaya daga cikin shafukan nan na kyauta, a ɗora hoton, su matse shi su dawo da shi. Yaya ma ta yi hakan na wani lokaci, tana yi tana tsaki.

Wata rana na same ta ta zuba tagumi a gaban allo.

"Lafiya, Yaya?"

"Yau fuska talatin da ɗaya na tura," in ji ta. "Wa na tura wa?"

"Shafin mana."

"Shafi mutum ne? Akwai wanda ke zaune a bayansa. Ƙaramin suka dawo min da shi. Babban yana ina? Matar ɗazu har da jaririnta. Ita ba ta san na tura ba, ni ban san wanda ya karɓa ba."

Na ce mata ai duniya duka haka ake yi. Ta yi min irin kallon da take yi min tun ina 'yar shekara shida.

Mai gyaran kwamfutar da ke maƙwabtaka da ita siriri ne, ya kai shekara hamsin, da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake shi da bakinsa yakan ce bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Shi ya gaya mata cewa matse hoto ba sihiri ba ne, kwamfutar da ke gabanta za ta iya yi ba tare da intanet ba in an rubuta mata umarnin. Ya ce akwai manyan manhajoji da ke yin hakan, amma wannan tsohuwar ba za ta ɗauke su ba.

"To wa zai rubuta mata?"

"Ke," ya ce, cikin zolaya. Ya jawo wani littafin koyon rubuta manhaja da bangonsa ya yage ya miƙa mata, don dai ta bar shi ya yi aikinsa.

Shekararta arba'in da uku a lokacin, kuma iliminta na kwamfuta bai wuce bugun rubutu da gyaran hoto ba. Ta koma zuwa shago ƙarfe bakwai maimakon takwas. Awa guda tana bin littafin da bidiyoyin koyarwa kafin ta ɗaga ƙofa. Wata bakwai aka yi a haka. A kaina aka yi gwajin farko, na fito kore shar kamar ganye. Na biyu a kan mijinta ne, ya fito da fuska mai faɗin faranti, har ya roƙi a buga masa ya manna a mota. Ranar da abin ya yi aiki yadda take so, sai ta zare igiyar intanet daga bayan kwamfutar ta sake gwadawa. Ya yi. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi tsalle ba. Ta ce, "To," ta fita ta sayo mana lemo.

Ta sa masa suna Matsi. Taga ɗaya ce tak: ka jawo hoto ka saka, ka rubuta girman da fom ya nema, ka danna, shi ke nan.

Injiniya ne kuma ya kawo maganar baza Matsi ga jama'a. Ya ce akwai dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye abin da suka rubuta a buɗe. Kowa na iya ɗauka kyauta, kowa na iya karantawa, wanda ya ga kuskure ya aiko da gyara. Mai abin ne kaɗai ke riƙe da mabuɗi, sai ya amince gyaran ke shiga.

"Su masu aiko da gyaran me suke samu?"

"Babu."

"Injiniya, babu mai aiki don babu."

"Ke me kika samu da kika yi wata bakwai kina fitowa da sassafe?"

Sati uku tana juya maganar. Abin da ya ja hankalinta shi ne cewa kowa na iya karanta kowane layi.

"Wato ba a iya ɓoye komai a ciki?"

"Ana iyawa," in ji shi. "Sai dai a bainar jama'a za a ɓoye."

Ta ɗora. A saman shafin ta rubuta: "Ni ma'aikaciyar shagon hoto ce, ba ƙwararriya ba. Matsi yana matse hoto a cikin kwamfutarka. Ba ya tura komai ko'ina."

Wata biyu ba wanda ya tanka. Daga nan aka fara ɗauka kaɗan-kaɗan. Akawun makarantu, masu shago irin nata, wata mai aikin rajista a wani asibiti da ta rubuto godiya. Tare da su kuma wani mutum ya bayyana wanda bai sa hoto a shafinsa ba, bai kuma san gaisuwa ba. Saƙonsa na farko cewa ya yi: "Hoton waya yana fitowa a kwance. Gyara." Na biyu: "Maɓallin ajiya ya yi ƙanƙanta." Na uku: "Har yanzu a kwance."

"Ko sannu babu!" in ji Yaya. "Kamar ubansa ne ya ɗauke ni aiki." Muka raɗa masa Sarkin Ƙorafi.

Maganar hoton da ke kwanciya ta ba ta wuya. Sati shida tana fama, ta gyara nan can ya ɓalle. Ana cikin haka sai wani ya aiko da gyara, layi ashirin, a tsabtace, da bayani a kan kowane layi. Hoton farar tantabara ne a shafinsa, don haka Tantabara muka riƙa ce masa. Ba mu san ko namiji ne ko mace ba, amma "shi" Yaya ke cewa. Ya fara da gaisuwa. Ya ce aikinta ya burge shi, ya ce irin wannan ƙaramin abu mai amfani ya fi manyan da ba sa tsinana komai. Yaya ta karanta layukan sau uku, ta gwada, hoton ya miƙe tsaye. Ta karɓa.

A cikin wata huɗu ya aiko da gyara tara, dukansu masu kyau. Matsi ya ƙara sauri, ya daina sanƙarewa in an ba shi babban hoto. Na lura na farko da na biyu ta bi su layi-layi, amma daga na biyar gwadawa kawai take yi ta danna amincewa. Har ta fara cewa "mutumina" in tana maganarsa. Mijinta ya ce to fa, yau ga wanda ya tsallake shingen Sufeto ba a duba but ɗin motarsa ba.

Sai na goma ya zo. Wannan ba gyara ba ne, ƙari ne babba, layi ɗari shida da wani abu. Abin da zai yi shi ne ya share bayan mutum a hoto ya mayar da shi fari fat, ko a gaban labule mai furanni aka ɗauka. Abin da masu amfani da Matsi suka daɗe suna roƙo ke nan, ita kuwa Yaya ba ta san ta inda za ta fara ba. A ƙasan saƙon ya ƙara da cewa: "Na san aikin shago yana cin lokacinki, musamman ranar Litinin. In kin ga dama ki ba ni mabuɗi na biyu, in riƙa rage miki nauyi."

Ina zaune a gefenta ta karanta. Ta janye hannunta daga kan linzamin kwamfutar ta ɗora a cinya.

"Wa ya gaya masa Litinin?"

"Yaya, ke kika rubuta cewa a shago kike aiki."

"Na rubuta shago. Ban rubuta Litinin ba."

Na ce mata ai ko'ina Litinin ranar cunkoso ce, kuma duk mai lura zai ga ba ta amsa saƙo ran Litinin. Ta ce wanda ya zauna yana lura da ranar da ba ta amsa saƙo, shi ma abin tambaya ne. Ta rubuta masa godiya, ta ce za ta duba. Ba ta ce komai a kan mabuɗi ba.

Kwana huɗu bayan haka wasu mutum uku da ba a taɓa gani ba suka fito a shafin. Ɗaya ya ce me ake jira. Ɗaya ya ce in mai abin ba ta da lokaci ta ba masu lokaci. Na uku ya ce abin kunya ne a bar aikin ƙwararre yana jiran amincewar 'yar koyo. Wannan ta ƙarshen ta soke ta, na gani a fuskarta. Ta kwafe saƙonnin uku ta jera su a takarda ɗaya.

"Zo ki gani, malama. Ke da kike duba rubutun yara."

Na duba ban ga komai ba.

"Dukansu suna barin fili kafin alamar tambaya. Mutum uku daga gari uku, hannu ɗaya?"

Da farko Sarkin Ƙorafi ta zarga, don shi ne marar kunyar da ta sani. Amma da ta koma kan tsofaffin saƙonninsa, sai ta ga shi bai taɓa yin tambaya ba balle ya sa alamarta. Umarni kawai yake bayarwa. Daga nan zarginta ya fara yawo kusa da gida. Ta tambaye ni ko na taɓa ba wani labarin Matsi a makaranta. Ta tambayi mijinta wa yake hira da shi a wurin aiki. A ƙarshe ya sauka inda bai kamata ba. Injiniya ya leƙo wata rana da rana, ya ga tana ta kallon layukan, ya ce, "Ki karɓa kawai mana. Mutumin nan ya fi mu iyawa, ni da ke. Ki rage wa kanki nauyi."

Rage nauyi. Kalmar da ke cikin saƙon Tantabara ke nan.

Washegari ina wurin ta shiga ɗakinsa. Na bi ta don na ga yadda ta ɗaure fuska. Yana sunkuye a kan cikin wata kwamfuta da ya farke.

"Injiniya, kai ne Tantabara?"

Ya yi dariya. Da ya ɗago ya ga ba wasa take yi ba, sai dariyar ta tsaya.

"Kai ka san Litinin. Kai ka ce in ɗora shi a dandalin. Kai ka ce in karɓa."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Shekara goma sha biyu," ya ce, "in za ki kai yaro asibiti ni kike bar wa mabuɗin shago. Ko takarda ɗaya ta taɓa ɓata?" Ya juyo da allon kwamfutarsa ya tura mata kujera. "Ga ta nan. Bincika."

Na tabbata ya faɗa ne don ta ji kunya. Yaya ta ja kujerar ta zauna. Minti ashirin tana buɗe wannan tana rufe wancan, shi yana tsaye yana kallon titi. Ba ta sami komai ba. Ta tashi ta ce, "Na gode," ta fita. Daga ranar ya daina leƙowa. In sun haɗu a baranda, ya amsa gaisuwa a taƙaice ya wuce.

A hanya na ce mata, "Yaya, kin yi abin da bai dace ba."

"Na sani," ta ce. "Amma yanzu na san ba shi ba ne."

Tunda ba ta gano mutumin ba, sai ta koma kan abin da ya aiko. Ta buga layukan duka a takarda, shafi goma sha huɗu, ta sayi jan biro. Dokar da ta kafa wa kanta ita ce ba za ta sa wa layi alama ba sai ta iya gaya min abin da yake yi da bakinta, ni da ban san komai ba, har in gane. Haka muka yi sati uku. Ina cin abincin rana tana karanto min: wannan yana neman gefen fuska, wannan yana ware gashi daga bango. In wani ya shigo ɗaukar hoto ta kife takardun, ta ce "ɗaga haɓa kaɗan", ta dawo. Wani layin kwana biyu yake ɗauka. A shafin kuwa mutum ukun nan ba su fasa ba, har wasu na gaske suka fara bin bayansu suna tambayar ko an yi watsi da Matsi ne. Tantabara shi kaɗai bai matsa ba. Ya rubuto cewa ta ɗauki lokacinta, babu gaggawa.

"Ka ji," in ji Yaya. "Su suna turawa, shi yana riƙe ƙofa."

A shafi na tara ta tsaya. Layi goma sha ɗaya ne a tsakiyar sashen da aka ce na daidaita launi ne. Duk sauran wuraren Tantabara ya sa bayani, nan babu. A cikinsu akwai wani dogon jerin haruffa da lambobi a cakuɗe, kamar kyanwa ta taka madannai. Ta duba littafi, ta duba bidiyo, ba ta gane ba.

Sai ta koma ga dabararta ta farko. Ta saka sabon ƙarin a kwamfutar shago don gwaji, ta ba shi hoton kujera. Nan take bayan ya yi fari. Ta zagaya ta zare igiyar intanet, ta sake ba shi hoton. Ya tsaya cik. Muna kallon agogon bango, daƙiƙa talatin, sannan ya gama. Ta mayar da igiya, nan take. Ta zare, daƙiƙa talatin. Sau shida ta yi.

"Me yake jira?" ta ce a hankali. "In ba aike yake yi ba, me ya haɗa shi da hanya?"

Mutum ɗaya ne a duk unguwar da zai iya warware jerin haruffan, kuma shi ne wanda ta bincike wa kwamfuta. Ta naɗe shafi na tara ta je ta tsaya a ƙofarsa.

"Injiniya, na yi maka laifi. Kuma ina buƙatarka. Ba don buƙatar nake ba ka haƙuri ba, amma duka biyun gaskiya ne."

Yana liƙa wata waya da dalma. Bai ɗago ba sai da ya gama, ya hura, ya ajiye ƙarfen a mazauninsa. Sannan ya miƙo hannu. Ya kalli takardar, ya ce an sauya wa rubutun siga ne kawai, kamar mutum ya rubuta sunansa a baibai don kada a gane da kallo ɗaya. Ya buga jerin a kwamfutarsa, ya danna. Adireshin wani wuri a intanet ya fito. Suka bi sauran layukan tare. Kowane hoto aka share wa baya, ana tura ƙaramin kwafinsa can, tare da sunan fayil ɗin. Yaya kuwa ta san yadda mutane ke sa wa fayil ɗin fasfo suna: cikakken sunansu, wani lokaci har da lambar rajista.

Injiniya ya daɗe yana kallon allon. "Da ni ne, da na karɓa," ya ce.

A fili ta yi tambayar, a shafin da kowa ke gani. Ta kwafe layukan goma sha ɗaya, ta sa adireshin a ƙasa, ta rubuta: "Ban gane wannan ba. Me ya sa ake tura hoto nan?"

Amsar ta zo kafin a tashi aiki, da gaisuwa kamar kullum. Ya ce yana tara hotunan ne don ya ga inda sharar bayan ke kuskure ya inganta ta, ya ce masu irin wannan aiki da yawa haka suke yi, ya manta ne bai sa bayani ba, a yi haƙuri. Ya ce zai iya cirewa in ba ta so.

Yaya ta rubuta: "Wanda ya manta da bayani ba ya tuna ya juya adireshi. Me ya sa ka juya shi?"

Ba a amsa ba. Bayan kwana biyu shafin Tantabara ya ɓace, da na mutum ukun, duk a rana ɗaya. Sarkin Ƙorafi ne ya fara magana bayan haka. Ya ce: "Da kin karɓa da na daina amfani da shi. Ɗalibai dubu biyu nake yi wa kati. Maɓallin ajiya har yanzu ƙarami ne." Yaya ta karanta ta yi dariya har da hawaye, ta ƙara girman maɓallin a ranar.

Har yau ba mu san ko wane ne Tantabara ba, ba mu kuma san abin da ya so yi da hotunan ba. Injiniya yana ganin mai yiwuwa ɗalibi ne mai rawar kai da ya so tara fuskoki don wani aikin makaranta, da aka kama shi kunya ta kore shi. Mijinta ya ce mutumin da ya yi wata huɗu yana taimako kyauta ba zai rasa alheri a ransa ba. Yaya ta ce wata huɗun ne ma ya fi tsorata ta.

Ta koma kan gyaransa tara na baya, ta buga su, ta bi da jan biro. Ba ta sami komai ba. Duk da haka ta cire su ɗaya bayan ɗaya ta sake rubutawa da hannunta, abin da ya ci mata wata biyar. Matsi ya rage sauri, don nata rubutun bai kai nasa gwaninta ba, ita ma ta san haka. Share baya kuma bai samu ba. Wani ya ɗauki kwafin Matsi ya sauya masa suna ya saka wannan ƙarin, mutane da yawa suka koma can. Ta leƙa ta duba ba ta ga layukan goma sha ɗaya ba, amma ta ce rashin gani ba shaida ba ce, tunda ba ta buga shi a takarda ba. Waɗanda suka zauna da ita ba su da yawa, sai dai ba sa tafiya. Duk mai aiko da gyara yanzu ya san dokar, tana rubuce a saman shafin: kada ya wuce layi talatin, kuma sai ta gane shi za ta karɓa, ko da zai kai wata uku.

Tsakaninta da Injiniya ya gyaru, amma ba kamar da ba. Yana leƙowa, suna gardama a kan layuka, sai dai in zai fita sayen kayan gyara ɗakinsa yake kullewa, alhali da can ita yake cewa ta sa masa ido. Ta lura. Ba ta taɓa yin maganar ba.

A bara ta kwanta asibiti kwana tara, aka yi mata aiki a ciki. Da ta dawo ta tarar da saƙon Sarkin Ƙorafi yana jira: "In kin mutu wa ke da mabuɗi?"

"Ka ji irin gaisuwar marar lafiya," ta ce. Amma ta kwana biyu tana tunani. Ran nan na biya bayan an tashi makaranta, ta rufe ƙofar shagon, ta miƙo min ambulan a liƙe, ta sa hannu a kan bakin ambulan ɗin wuri uku.

"Mabuɗin Matsi ne a ciki, da bayanin yadda za a miƙa shi. In wani abu ya same ni, ki kai wa Injiniya, ku buɗe tare. Kafin nan kada ki buɗe."

"Me ya sa ba ki ba shi kai tsaye ba? Ni ko layi ɗaya ban iya ba."

"Shi ya sa," in ji ta.

Ambulan ɗin yana cikin akwatina, ƙarƙashin takardun haihuwar yara. Duk sanda ta zo gidana, bayan an gaisa an sha ruwa, sai ta ce in ɗauko mata shi. Ta juya gaba, ta juya baya, ta ɗaga shi saitin taga ta duba sa hannun nan uku. Sannan ta miƙo min ta tambayi lafiyar yara.